Bencin Baya

Kakuri, Kaduna
Farkon watan Satumba

Zuwa ga matata Lydia, Maman Mercy,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, kuma sanyin Jos bai tayar miki da ciwon gwiwar nan ba. Yaya 'yarmu Mercy mai jego, yaya wurin tiyatar? Yaya jikanmu, sabon angon naki, wanda kika tattara kayanki kika bar ni saboda shi? Ki faɗa masa mai gida na nan da ransa, aro na ba shi. Ki gaishe mini da surukinmu Kevin.

Mu nan lafiya lau. Na ƙona ƙaramar tukunyarki garin dafa wake, gara ki ji daga bakina tun yanzu ki gama faɗanki a can.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Duk ran da na kira, Mercy sai ta buɗe muryar wayar kowa a ɗakin ya ji, wannan magana kuwa ba ta yara ba ce. Nelson direba ne zai kawo miki. Ina so ki ji daga wurina kafin matan Zumuntar coci su riga ni, don na san tuni wasu sun fara neman lambarki.

Maganar ƙaninki Sylvanus ce. Kin san tun da masaƙa ta rufe ya faɗa shan giya, ikkilisiya ta sa shi a horo, ya yi shekaru a bencin baya ba ya cin Jibin Ubangiji. Kin kuma san kafin ki tafi Jos, majalisar dattawa ta yarda a maido shi, tunda ya kusa shekara biyu bai sha ba. Ni ma na ɗaga hannu a ranar, ko da yake na gaya miki zuciyata ba ta gama kwanciya ba.

Ranar Lahadin nan aka maido shi. Fasto Timothy ya kira shi gaba ya yi masa addu'a, mata suka rangaɗa guɗa. Ya sa wani shuɗin kaftani da ya yi masa tsawo, da gani na aro ne. An matsa masa wuri a gaba, amma da aka gama sai ƙafarsa ta mayar da shi bencin baya inda ya saba. Da na gan shi a tsaye hawaye na zubo masa, ni ma sai da idona ya kawo ruwa, na ce ina ma kina nan.

Da lokacin Jibi ya yi, mu dattawa muka tashi rabawa, layinsa ne ya faɗo a kaina. Na bi benci benci da farantin gurasa har na kai wurinsa. Ya miƙo hannu biyu. Ina sunkuyawa sai warin giya ya buge ni. Ba ɗan kaɗan ba, Lydia, irin tsamin nan da muka sha fama da shi duk ran da aka kwaso shi daga bakin kwata aka kawo mana gida. Kin san hancina ba ya ƙarya. Na janye farantin na wuce. Da na dawo da ƙoƙon ma ban tsaya ba.

Hannun nasa ya daɗe a sama. Mutane suka juyo suna kallo, har 'yan kwaya suka ruɗe a waƙa. Sannan ya sauke, ya miƙe, ya fita kafin addu'ar rufewa. Tun ranar ban gan shi ba, wayarsa a kashe, ɗakinsa kuma da kwaɗo.

Na san za ki ji zafi, ni ma raina ya ɓaci ƙwarai. A ce ranar da aka yi masa wannan alheri, ranar ce zai kurɓa kafin ya shigo? Teburin Ubangiji ba wurin wasa ba ne, kuma an gargaɗe mu kada mu jefa wa aladu lu'ulu'u. Da wani ne ba ɗan gidanmu ba, haka zan yi. Da na miƙa masa, gobe a ce Dattijo Filibus ya rufe ido don ƙanin matarsa ne.

Fasto ya kira ni bayan sujada. Bai ce na yi laifi ba, sai dai ya ce da na raɗa masa a kunne, ko in bari a tashi tukuna. Na amsa masa cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Duk da haka ba zan ɓoye miki ba, abinci ba ya shiga sosai. In na rufe ido hannun nan nake gani. Ki yi masa addu'a, ni ma ki sa ni.

Ki shafa mini kan angon naki. Allah ya tsare ku duka.

Ni ne mijinki,
Filibus, Baban Mercy


Kakuri, Kaduna
Tsakiyar watan Satumba

Zuwa ga Lydia,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Yaya jikin Mercy, yaya jariri, yaya gajiyar wanka? Ina fata kowa lafiya. Ni jikina ƙalau, sauran kuwa ga shi nan za ki karanta.

Waccan wasiƙar da na aiko, in ba ki yaga ta ba ki yaga. Da akwai hanyar da zan bi Nelson in karɓe ta kafin ta iso hannunki, da na bi shi ko da a ƙafa ne. Sylvanus bai sha komai ba ranar Lahadin nan. Ni ne na yi masa ƙazafi a gaban ikkilisiya, ban ko buɗe baki ba.

Ga yadda na sani. Kin tuna Judith, 'yar Zumuntarku mai kiwon aladu a Kudenda? Ba ta zo coci ranar ba, ta je biki ƙauye. Da ta dawo ta ji labari, ko zanin tafiya ba ta canja ba ta zo ta same ni a ƙofar gida. Ba ta gaishe ni ba. Matar da ta girme wa Mercy da kaɗan, ta tsaya ta wanke ni tas, maƙwabta na leƙe ta katanga.

Ashe tun bara Sylvanus yake yi mata aiki. Kamfanin giya yana fitar da dusar hatsin da aka gama dafawa, jiƙaƙƙiya, masu aladu suna saye. Shi ne yake zuwa bakin kamfanin da shebur ya loda a buhuna, ya turo a kura har garken Judith da na wasu, ya zuba wa dabbobi. Ta ce warin dusar nan yana shiga fata da ƙumba, ko an yi wanka ba ya fita. Ta ce ranar Lahadin ma sai da ya ba aladu abinci da sassafe, don alade bai san Lahadi ba. Sannan ya yi wanka ya sake yi, da sabulu mai ƙanshi da ya saya musamman. Kaftanin nan na mijinta ne.

Na ce mata me ya hana shi gaya mana. Ta ce kunya, mutumin da ya taɓa riƙe sashe guda a masaƙa yau yana kiwon aladun wata. Ta kuma ce ya roƙe ta kada in ji, domin ya san zan ce wanda ya tuba ba ya zuwa ƙofar kamfanin giya. Ya san ni, Lydia. Abin da zan faɗa ke nan.

Taurin kaina bai bar ni na yarda nan take ba, sai da na bi ta Kudenda. Tun kafin mu kai garken na ji shi, warin nan sak, ba bambanci ko kaɗan. Na sa hannu a buhu ɗaya na damƙo. Gani ya kori ji. Na tsaya a wurin kamar ƙasa ta tsage in shige.

A hanyar dawowa na shiga keke. Wata mata da ke gefena ta toshe hanci da gyale, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wa ta kusa da ita tsofai-tsofai da su ba sa jin kunyar sha da rana tsaka. Ɗan zaman da na yi a garken ne kawai ya kama mini riga. Na buɗe baki zan yi bayani, sai na tuna ni ban ba wani damar bayani ba, na fasa.

Na so in ce rashin sani ne, wanda ya fi dare duhu. Amma in zan faɗi gaskiya, hancina ya ji abin da zuciyata ta daɗe tana jira ne. Tun ranar da na ɗaga hannu a majalisa nake sauraron ranar da zai faɗi in ce na faɗa muku. Da Dattijo Matthew ne ya miƙo hannu da wannan wari, da na ce magani ya sha. Shi kuwa Sylvanus na riga na ajiye shi a inda na ajiye shi. A bakina ya daina zama ƙaninki, ya daina zama mutumin da ya goya Mercy zuwa asibiti ranar da ta faɗa a ruwan zafi, ya zama mashayi kawai.

Na zauna na karanta Luka sura goma sha biyar. Sau nawa na koyar da ita a ajin Lahadi, kullum ina jan kunnen matasa kada su zama ƙaramin ɗan da ya ƙare a kiwon aladu. Ban taɓa duban babban ba, wanda ya tsaya a waje yana fushi don an karɓi ƙaninsa. Shi ma ɗin ya fi ni, domin a waje ya tsaya. Ni a cikin gida nake, abincin uban yana hannuna, na hana. Ayar aladu da lu'ulu'u da na rubuta miki kuwa, ba na iya tuna ta ba tare da na rufe fuska ba.

Judith ta ce tun ranar bai zo aiki ba, ita ma nemansa take. Gobe zan fara zagayawa. Tsoron da nake ji kin san shi, ba sai na rubuta ba.

Ki yafe mini in kin iya. In ba ki iya ba tukuna, ba zan ga laifinki ba.

Mijinki,
Filibus


Kakuri, Kaduna
Watan Oktoba

Zuwa ga Lydia, Maman Mercy,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarki da ta yara. Na ji daɗi da Kevin ya ce an cire zaren tiyata, yaro kuma yana ƙiba. Na lura da shi kike haɗa ni duk ran da na kira. Na gode da yajin da kika aiko. Nelson ya ce saƙon bakinki guda ne, wai a gaya mini hannun mutum ba ya ruɓewa ya yanke ya yar. Na juya maganar na rasa ko Sylvanus kike nufi ko ni. Na ɗauka mu biyun ne, don in samu in yi barci.

An same shi, yana da rai da lafiya. Amma abin da muke tsoro ya faru. Daga coci ranar nan bai zame ko'ina ba sai gidan burukutu, da kaftanin mijin Judith a jikinsa. Ya yi kwanaki a can. Abin da na zarge shi da shi a kan ƙarya, ni na mayar da shi gaskiya. Wahalar kusan shekara biyu, na zubar masa da ita da hannu ɗaya. Judith ce ta gano inda yake, ta je ta janyo shi, ta ce aladunta suna ramewa. Ya koma aiki, kuma tun daga nan bai sake sha ba.

Na je na same shi a garke da safe yana kwashe kashi. Na shirya magana tun daga gida, har da ayoyi. Da ya ɗago ya dube ni, duk suka gudu. Sai na ga kaina a durƙushe cikin caɓi da farin kaftanina. Na ce na yi masa laifi, na yi wa Allah, ya gafarta mini. Ya jingine shebur ɗinsa. Sai ya ce mini, Yaya, tashi, uwar aladun nan tana da 'ya'ya, tana cizo.

Daga baya muka zauna a kan buhuna. Ya ce shi bai riƙe ni a zuciya ba, amma bai ce ya yafe ba, na kuwa kasa kunne sosai. Ya faɗi wata magana da har yanzu take cina. Ya ce duk shekarun da ya yi a bencin baya, yana gaya wa kansa mutane ne suka ƙi shi, Allah bai ƙi shi ba. Ranar da farantin ya wuce shi bayan an yi masa addu'a, sai ya ce to, ashe daga sama ne. Ki duba abin da na yi, Lydia. Nassi ya ce da tsada aka saye mu, kuma jini ɗaya aka biya a kan kowa. Ni na sa mutum ya gaskata cewa nasa kuɗin bai cika ba.

Na roƙe shi ya dawo coci, ya ce da wace fuska, tunda yanzu ya sha da gaske. Shi da kansa ya je gidan Fasto ya faɗi abin da ya yi. Fasto ya yi masa addu'a ya ce magana ta ƙare a nan, ba za a sake sa shi a horo ba, wurinsa yana nan. Duk da haka Jibin farkon watan nan ya wuce bai zo ba. Na riƙe faranti na kasa rabawa, har Matthew ya karɓa.

Yanzu ga abin da ba za ki so ba. Na je gaban majalisa na ce a sa ni a horo, in sauka daga aikin dattijo in koma bencin baya, kada in ci Jibi har Ista. Fasto ya ƙi. Ya ce in tashi a gaban jama'a in wanke sunan Sylvanus, wannan ya isa. Na ce bai isa ba. Muka yi ta ja, Matthew ma ya ce ba a taɓa yin haka ba, mutum ya yanke wa kansa hukunci ya kawo a sa hannu. Kin san ni in na kafe. A ƙarshe suka gaji suka bar ni.

Ranar Lahadi na tashi na faɗa wa ikkilisiya komai, sai dai ban ambaci gidan burukutu ba, wannan ba nawa ba ne in faɗa. Sannan na ratsa tsakiyar coci na tafi baya. Ban taɓa sanin tsawon cocin nan ba sai ranar. Bencin kuma ƙafarsa ɗaya gajera ce, in ka motsa sai ya yi ƙara kowa ya waiwayo. Fanka ba ta kaiwa wurin. Shekarata nawa ina tura mutane can, ban taɓa zama na ji ba.

Na san za a yi ta yi miki jaje kamar an yi mutuwa, matar dattijo mijinta a bencin baya. Ki yi haƙuri, ni na ɗebo da zafi.

Wasu safiyoyin nakan je Kudenda in kama masa turin kura. Ya ce ɓata masa aiki nake yi, rabin dusar a hanya take zubewa. Bai dai kore ni ba. Bayana ya riƙe, ina shafa man nan naki.

Ki gaishe da kowa. Ki ɗauki wayata ko sau ɗaya, ko faɗa ne ki yi.

Naki har kullum,
Filibus


Kakuri, Kaduna
Watan Nuwamba

Zuwa ga matata abar ƙaunata, Lydia,

Salama a gare ki cikin sunan Mai Cetonmu. Yaya sanyi, yaya gwiwa, yaya Mercy da Kevin da angon naki? Na gode da kika ɗauki waya. Faɗan da kika yi mini ya fi mini daɗi a kan shirun, ko da yake kin ƙare mini kati kaf. Kin ce horon da na ɗora wa kaina wani sabon taurin kai ne aka sa wa rigar coci. Na ji haushi a ranar. Ki karanta ki ga yadda ta kaya.

Ranar Lahadin Jibi ina zaune a bencin baya ni kaɗai, an fara wa'azi, sai na ji bencin ya yi ƙara. Na waiwaya, ga Sylvanus. Ban gaya masa komai game da horona ba, Judith ce ta kai masa. Ya sa tsohuwar rigarsa ta masaƙa, wankakkiya. Bai dube ni ba, ya ce dai in matsa, wurinsa na zauna. Na matsa. Ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azin ba, godiya kawai nake yi a zuci. Na ce yau za a gyara abin da na ɓata, zan kuma gani da idona.

Matthew ne ya zo da farantin. Da ya hango Sylvanus sai ya tsallake layi biyu don sauri, ya sunkuya ya miƙa masa da hannu biyu. Kowa a coci ya juyo. Sylvanus ya dubi gurasar, ya dube ni, ya tambayi Matthew a hankali ko ni ma zan ci. Matthew ya ce a'a, ina cikin horo har Ista. Sai ƙaninki ya naɗe hannuwansa a cinya ya ce to shi ma zai jira.

Na raɗa masa, na roƙe shi, na ce don girman Allah ya ɗauka, kada ya kula da ni. Ya ce shi ya san ɗanɗanon zama a nan faranti ya wuce ka, ba zai tauna ba alhali na kusa da shi yana haɗiyar miyau. Ya ce wanda ya yi shekaru yana jira, Ista ba ta yi masa nisa ba. Matthew ya tsaya ya rasa yadda zai yi, hawaye na ɗiga a kan rigarsa, daga baya ya wuce.

Lydia, na ɗauka na ƙure kunya ranar keke da ranar garke. Ashe da saura. Karo na biyu ke nan ina shiga tsakanin bawan Allahn nan da teburin Ubangijinsa. Na farko da tsarkina na hana shi, na biyu da tubana. Na zauna na dubi horon nan da kyau, na ga ba don Sylvanus na yi shi ba. So nake in biya da kaina, kada in karɓi gafara kyauta kamar kowa. So nake a ce ka ga Dattijo Filibus, ko a laifi ma ya fi kowa tsanani. Fasto ya ce ya isa, na ce bai isa ba, kamar gicciyen yana neman ciko daga wurina. Kin riga ni gani, ba sai kin maimaita ba.

Da na koma gida na buɗe Korantiyawa ta fari sura goma sha ɗaya, wadda ake karanta mana duk ranar Jibi. Kullum a wurin gargaɗi ake tsayawa, cewa kowa ya gwada kansa kafin ya ci. Na ci gaba zuwa ƙasa kaɗan, sai ga Bulus yana cewa in mun taru domin ci, mu jira juna. Ban sani ba ko Sylvanus ya san ayar. Ban tambaye shi ba.

Ranar Litinin na je wurin Fasto. Durƙusawa a caɓi ta fi mini sauƙi a kan wannan tafiyar. Ni da na buga ƙirji a gaban majalisa na ce har Ista, ni ne na koma ina murza hula ina roƙo a sake ni. Ya dube ni ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi dama bai ɗaure ni ba. Amma ya ce tunda a gaban jama'a na shiga, a gaban jama'a zan fita. Za a kira ni gaba a yi mini addu'a yadda ake yi wa kowane mai horo, ranar Jibin farkon Disamba. Maganar komawa aikin dattijo kuwa na bar wa majalisa, ban sa baki ba, kuma ba zan sa ba.

Na je Kudenda na gaya wa Sylvanus. Yana zuba dusa, bai tsaya ba. Ya ce to madalla, dama yunwa yake ji.

Har yau bai furta cewa ya yafe mini ba, ni ma na daina kasa kunne. Mutumin da na bar hannunsa a sama, shi ne ya naɗe hannu yana jirana. Ban san wace kalma ce za ta ƙara a kan wannan ba.

Ki dawo kafin ranar, Maman Mercy. Arba'in ta wuce tuni, Mercy ta miƙe, angon naki ya ci rabonsa. Ina so ki kasance a wurin in an kira mijinki gaba, ko da za ki rufe fuska da ɗankwali. Kada ki nemi wurinki na gaba. Ki zo baya ki zauna tsakaninmu, in faranti ya iso mu ɗauka tare.

Ki gaishe da Mercy da Kevin, ki sumbaci yaron. Ubangiji ya kawo ki lafiya.

Ni ne mijinki mai jiranki,
Filibus, Baban Mercy